College Scorecard: Shafin da Muka Duba Kafin Ɗana Ya Ci Bashin Karatu

Ranar da babban ɗana ya ce injiniyancin kimiyyar fiziks zai karanta, gabana ya faɗi. Tasi nake tuƙawa a New York, na san yadda bashin karatu ke bin mutum shekara da shekaru a Amurka.

Bayan isha'i muka zauna a teburin kicin, ya buɗe College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi ta Amurka. Kyauta ne, ba rajista. Ka zaɓi jami'a da fanni, sai ya nuna maka matsakaicin albashin waɗanda suka gama da kuma bashin da suka fito da shi. Muka jera Cornell da Colorado School of Mines, yana karantawa ina rubutawa a bayan ambulan.

"Baba, ai bashin ba yawa," in ji shi. Nan na tsaya. Bashin gwamnatin tarayya kaɗai ake ƙirgawa, kuma ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa dala 5,500 ce iyakarsa a shekarar farko, 31,000 gaba ɗaya. Abin da aka ranto daga banki ba ya ciki. Ga kuɗin ruwa, wanda a matsayina na Musulmi ya fi komai damuna.

Fannin ƙarami ne, don haka a wasu jami'o'in gurbin albashi fayau yake, ana ɓoyewa idan ɗaliban ba su da yawa.

Duk da haka na yaba da shi ƙwarai. Yanzu jami'o'in jiharmu muke dubawa tukuna.