Sharhi Kan Sashen Taimako Na Kamfanin Da Ya Ba Shafinmu Masauki

Wata uku ke nan da na ɗora shafin shagon littattafan yayana da ke Samaru a kan sabar (wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka) wani kamfani mai ba da hayar masauki ga shafukan intanet, kuma abin da zan yi magana a kai shi ne yadda sashensu na taimako ya yi da ni lokacin da shafin ya ƙi haɗuwa da rumbun bayanansa, wato ma'ajiyar da yake adana abubuwan da ke cikinsa.

Na gina shafin ne da WordPress, manhajar gina shafuka, a kwamfutata ta hanyar XAMPP, manhajar da ke ba mutum damar gwada shafi a kwamfutarsa, inda komai ya tafi lami lafiya. Daren da na kwashe fayilolin zuwa sabar, bayan sallar isha'i, na buɗe adireshin sai ga shafi fari fat da layi ɗaya na Turanci mai cewa an kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Yaya yana tsaye a kaina da waya a hannu, domin tuni ya tura adireshin ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke sayen littafi a wurinsa, sai cewa yake yi, "To, ina littattafan suka shige?"

Nan take na aika koke, amma amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi, kuma da gani shiryayyiya ce da ake tura wa kowa: a duba fayil ɗin wp-config.php, wanda ke ɗauke da saitunan haɗa WordPress da rumbun bayanai. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta gaya wa mutum abin da zai duba ba.

Ma'aikaci na biyu shi ne ya fitar da kamfanin kunya. Ya bayyana mini cewa a XAMPP sunan mai amfani da rumbun shi ne root kuma ba shi da kalmar sirri, alhali cPanel, manhajar da ake sarrafa masaukin shafi da ita, yana liƙa sunan asusun mutum a gaban sunan rumbun da na mai amfani, don haka rumbun da na raɗa wa suna littattafai ya riga ya sami ƙarin suna a gaba, ni kuwa ina ta kiransa da tsohon. Ya ƙara da cewa ƙirƙirar mai amfani kawai ba ta wadatar ba, dole ne a haɗa shi da rumbun sannan a ba shi izini, matakin da na tsallake ban sani ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya koya mini karanta lambobin kuskuren MySQL, manhajar da ke tafiyar da rumbun: 1045 na nufin an ƙi sunan mai amfani ko kalmar sirri, 1044 na nufin an karɓi mutum amma ba shi da izini a kan rumbun, 2002 kuwa na nuna ba a ma isa ga MySQL ɗin ba. Ya ce in bar DB_HOST, saitin da ke nuna inda rumbun yake, a kan localhost, wato wannan na'urar, tunda rumbun da shafin suna na'ura ɗaya. Kafin azahar shafi ya tashi.

Murna ta koma ciki da na ga sunayen littattafan. Duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke, alamar tambaya ce ta maye gurbinsu, har Ƙamus ya koma ?amus. Na sake yin koke, aka ce sun duba, a wurinsu komai daidai yake, wanda ya nuna mini cewa wanda ya duba bai san yadda ake rubuta Hausa ba. Da kaina na gano tushen matsalar: samfurin wp-config.php da na kwafo daga shafinsu na taimako a daren farko ya sa DB_CHARSET, saitin tsarin haruffa, a kan latin1, tsarin da ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Ina mayar da shi utf8mb4, wanda WordPress ya fara amfani da shi tun fitowar 4.2 a 2015, sai haruffan suka dawo. Allah ya sa ban sake adana ko littafi ɗaya ba a wannan hali, da alamomin tambayar sun zauna daram a cikin rumbun.

Sabar kanta ba ta ba mu matsala ba tun daga lokacin, kuma wanda ya san kan cPanel zai ji daɗinsu. Sabon shiga kuwa, musamman mai shafin Hausa, ya shirya haƙuri, kuma ya tura lambar kuskuren tun a kokensa na farko. Sau biyu na rubuta musu cewa su gyara samfurin nan, amma da na leƙa ranar Asabar da ta wuce, latin1 yana nan inda na bar shi.