Gargaɗi ga masu sayen tukunyar gaz a Damagaram

Jama'ar Damagaram, ina jan hankalinku game da wasu mutane da ke yawo gida-gida suna tallar tukwanen gaz masu sabon fenti a farashi mai rahusa. Da yawa daga cikin tukwanen nan tsofaffi ne da tsatsa ta ci gindinsu, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake toshe bawul ɗin tsaro da ke kansu, wani da walda, wani da ƙusa, sannan a ce wa mai saye an yi hakan ne don kada gaz ya riƙa zurarewa.

Wannan ƙarya ce mai iya cin rai. A tukunyar da aka ƙera da shi, aikin wannan bawul shi ne ya buɗe da kansa idan matsin da ke ciki ya wuce kima, ya fitar da kaɗan kafin ƙarfen ya tsage. Gaz ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya, kuma yana kumbura da zafi, shi ya sa a wurin cikawa na ƙa'ida ba a wuce kusan kashi 80 cikin 100, ana barin sarari a sama, inda bawul ɗin yake. Masu ɗure daga wata tukunya zuwa wata a bayan gida ba su san wannan awo ba, ga shi kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40.

Ko bawul ɗin lafiyayye ne, sai tukunya tana tsaye yake aiki daidai. Idan an kwantar da ita, kamar yadda ake ɗaure ta a bayan kabu-kabu, ruwan ne zai kai bakinsa, kuma lita ɗaya ta ruwan tana zama fiye da lita 200 ta iska mai kama wuta, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan ɗaki.

Tun da matatar mai ta SORAZ da ke yankin Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da dama, saboda haka maganar ta shafe mu duka. Ku saya wurin dillalin da aka sani, ku duba hatimin bakin tukunya, ku ƙi duk wadda aka taɓa kanta da walda. A gida ku shafa ruwan sabulu a bakinta, kada ku gwada da ashana; idan kumfa ta tashi, ku fitar da ita fili nesa da wuta, ku kira ƴan kashe gobara a lamba 18.