Mota mai lantarki zalla ko mai haɗa batir da fetur? Ga tawa amsar

Ɗan'uwa, ka tambaya wace mota za ka saya tsakanin mai lantarki zalla da wadda ake yi wa caji kuma a zuba mata fetur. Ɗauki ta farkon. Sharaɗin ɗaya ne: ya kasance inda motar take kwana akwai wutar da za ka jona ta. In babu, ajiye maganar su biyun tukuna, ka nemi mai haɗi ta gargajiya, wadda injinta ke cika ɗan batirinta da kansa.

Mai lantarki zalla ce a gidana, kuma lissafinta ba wuya. Matsakaiciyar motar iyali tana shan kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka sha) 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Kai yara makaranta, wucewa aiki, ɗauko su, ɗan zagayen yamma, duka da wuya su haura kilomita 50, wato kamar kilowat-awa 10 ke nan. Soket ɗin bango mai bolt 230 yana ba da kilowat 2 da ɗan ɗoriya, cikin awa biyar ya mayar maka da abin da ka ci. In ka sa na'urar caji ta bango mai kilowat 7, awa ɗaya da rabi ta gama wannan aikin, ko da batir mai kilowat-awa 60 ne ya ƙare ƙarƙaf, kafin gari ya waye ya cika. Amma mai aikin wuta da ya san hannunsa ne zai ja mata layinta na kanta. Kada ka kuskura ka yi caji da doguwar wayar nan ta ƙari da ake jona firji da talabijin, awanni tana ɗauke da nauyi, bakinta zai yi zafi har ya narke.

Abin da ya sa na ƙaunace ta kuwa ba lissafin ba ne. Wata rana layin ganin likita ya yi tsawo, uwargida na ciki da babbar 'yarmu, ni ina mota da jaririyar da ta kwana tana kuka, sai a lokacin barci ya ɗauke ta. Na bar sanyi a kunne muka zauna. Ba ƙugin inji, ba girgiza, ba hayaƙin salansa da zai dami na kusa da mu. Yarinya ta sha barcinta har suka fito, na duba batir, ɗan abin da ya ragu bai kai a yi maganarsa ba. Uwargidan da da farko take cewa ita ba za ta hau abin da zai mutu da ita a hanya kamar waya ba, yanzu sai na yi da gaske nake ganin makullin.

Mai haɗin da ake yi wa caji kuma na riƙe ta kafin wannan. Ba ta taɓa barina a hanya ba, wannan kam zan ba ta. Sauran sai haƙuri: batirinta ƙarami ne, kullum sai an jona, ya cinye wani sashe na but har keken jariri sai an karkata shi, ga juyen baƙin mai da fulogi da matata duk suna nan. Ranar da ka yi kasalar caji, motar fetur ce kawai mai ɗauke da mataccen nauyi. Ba ni kaɗai ba: rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya nuna irin waɗannan motoci suna fitar da hayaƙi a kan titi kusan ninki uku da rabi na abin da gwaji ya nuna, domin masu su ba sa caji yadda aka zata. Uzurinta ɗaya ne, mutumin da doguwar tafiya ta zame masa aikin kowane mako a hanyar da ba tashar caji.

Tafiyar hutu da iyali fa? Ana yi. Cajin gaggawa yana ɗaga yawancin motocin yanzu daga kashi 10 zuwa 80 a kamar rabin awa, daidai lokacin da yara za su zaga su miƙe ƙafa. Daga 80 zuwa sama gudun cajin raguwa yake yi sosai, cire ka tafi. Gudu a babbar hanya da tsananin sanyi suna cin batir fiye da yadda kake zato, don haka lambar da ke jikin takardar talla ka rage mata. Ka ma tambaya da wane ma'auni aka auna ta, domin CLTC na Sin ya fi WLTP na Turai zuzutawa.

In ka samu mai batirin LFP (nau'in batirin lithium mai sinadarin ƙarfe da fosfet), irin wanda kamfanin BYD na Sin ke sawa da wasu ƙananan Tesla Model 3, na fi son ta ga mai iyali: ana cika shi fal ba fargaba, yana kuma da juriya. Batirin NMC (mai nikel, manganis da kobalt) ya fi nisan zango a nauyi ɗaya, sai dai an fi so a tsayar da shi a kashi 80 a zirga-zirgar yau da kullum. Taya kam za ka canza da wuri saboda nauyi, birki kuwa yana daɗewa, tunda motar na rage gudu da injin lantarkinta.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da dillalai, musamman in ta hannu za ka saya. Kilomitan da allo ke nunawa hasashe ne daga tuƙin baya. Mutum zai lallaɓa ta a hankali kafin ka zo, lamba ta kumbura. Akwai masu goge ƙwaƙwalwar batir ya nuna kamar sabo, sai bayan makonni gaskiya ta fito. Akwai masu wanke motar da ambaliya ta shanye, don haka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Ka je da naka ma'aikacin ya jona na'ura ya karanto ainihin lafiyar batirin, ka ga takardar garanti da idonka. Yawancin kamfanoni shekara 8 ko kilomita 160,000 suke bayarwa, amma motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa ba lallai garantin ya biyo ta ba. Duba bakin cajin ma: Turai CCS2, Sin GB/T, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO, wanda tashoshinsa ke ta raguwa. Wanda ya ce maka "kowace tasha tana shiga", ce masa ku je tasha mafi kusa ya jona a gabanka kafin ka biya ko sisi.