Garejin da ke ƙin yanke sifirin ko da ka zo da kuɗi a hannu

A wani gareji da ke bakin hanyar Tanut a Damagaram, idan ka je da maganar a yanke maka sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, don motarka ta kwanta ƙasa, maigidan zai saurare ka har ka dasa aya, sannan ya ce a'a. Saboda wannan a'ar nake tura mutane wurinsa, duk da akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗe su.

Motar da muka kai masa Corolla ce ta ɗan yayata. Yaron ya ga hotunan motoci a Facebook da TikTok, taya ta shige cikin jiki, bamba na neman shafar ƙasa, ya ji shi ma sai ya yi. Wani mai walda ya yanke masa zagaye bibbiyu da wutar gas, cikin yini guda, da kuɗi kaɗan. Ba a jima ba mota ta fara buga "kwas" a kan kowane tudu, tana jan hagu, tayoyin gaba kuma suka cinye ta ciki alhali wajensu garau. Uwarsa ta kira ni ta ce, "Kai ne kawunsa, ka raba shi da wannan abin tun bai kashe kansa ba."

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan bai yi wa yaron faɗa ba. Ya sa aka ɗaga motar da jak har taya ta rataya, ya kira shi ya ce, "Ɗana, zo ka sa hannunka nan." Yaron ya kama sifirin ɗin, sai ga shi yana juyawa yana girgiza a mazauninsa, babu abin da ya danne shi. Maigidan ya ce, "Duk lokacin da tayarka ta faɗa rami ko mota ta yi tsalle, haka yake sakewa. Ranar da ya dawo bai faɗa gurbinsa ba, kana kan gudu, wa zai riƙe maka sitiyari?" Yaron ya ce, "Baba, wallahi ban san haka yake ba."

Da aka kwance, ya jera na dama da na hagu a ƙasa. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da faɗin yatsa. Bakin da aka yanke fentinsa ya ƙone, ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi. Robar da ke tare bugu a saman amortisar, wato abin da ke kwantar da tsallen mota, ta dagargaje, shi kansa amortisar ɗin mai ya jiƙe jikinsa, ƙura ta manne.

Bayanin da ya yi mana ya zauna mini, domin ya yi daidai da abin da idona ya gani. Ƙarfen sifirin dafaffe ne, a masana'anta ake zafafa shi a sanyaya shi bisa ƙa'ida don ya riƙa lanƙwasa yana komawa. Harshen wutar gas ta masu walda zafinsa ya haura digiri 3,000, don haka wurin da ta lasa ya rasa wannan dahuwar, ya yi laushi, sai ya zauna ko wata rana ya karye. Ko da ma ba a sa wuta ba, rage zagaye yana ƙara tauri. Sifirin mai zagaye 6 masu aiki, in ka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Amma amortisar yana nan yadda aka ƙera shi don tsohon tsawo da tsohon tauri. Yanzu yana aiki a dunƙule, tazarar da ta rage masa kafin ya buga ƙarshe ƴar kaɗan ce. Idan ya buga ƙarshe taya ba ta bin ƙasa, tsalle take yi, kuma tayar da ke sama birki ba shi da abin da zai kama da ita. Nan ne hatsarin yake, a kwana ko a birkin gaggawa. Sai kuma tsayuwar tayoyi da ke karkacewa idan mota ta sauka, abin da ya cinye wa yaron tayoyinsa ke nan.

Na tambaye shi ko duk yanka haram ne a wurinsa. Ya yi adalci. Ya ce akwai sifirin da bakinsa sake yake, ba a naɗe shi ba, ba a daddale shi ba, irin wannan in an rage rabin zagaye da zarto ko injin yanka, ba tare da ƙarfen ya yi zafi ba, an auna dama da hagu, yana iya komawa gurbinsa. Wanda bakinsa ya tsuke ko aka daddale shi kuwa, da an taɓa shi ya tashi daga aiki. To me ya hana shi yin na farkon? Ya ce, "Malam, a wane gari za a tuƙa ta?"

Gaskiyarsa. Duk wanda ke tuƙi a Damagaram ya san kwalta ba ta kai kowa ƙofar gida. Ka sauka daga babban titi ka shiga lungunan Birni ko Garin Malam, yashi ne da duwatsu masu leƙowa daga ƙasa. Damina ta zo, ruwa ya yanka hanya ya bar kwari. Ga tudun rage gudu a kan kwalta, ga lodi, domin motar gida a nan ba ta tafiya Mirya ko Magarya da mutum ɗaya, sai an cika kujeru an cika but. Tsawon da Toyota ta bar wa motar daga ƙasa shi ne jarin mai ita a irin wannan wuri. Ya haska mana tocila a ƙarƙashi, muka ga kaskon baƙin mai duk ya karce, salansa ta loɓa. Da dutse ɗaya ya huda kaskon nan, maganar inji za a koma yi.

Aikin da ya yi mai tsabta ne. Ya sa aka kawo sifirin na asali daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya ƙi karɓar na farko da aka aiko don ba tagwaye ba ne, ya ce ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Ya sauya amortisar na gaba duka biyu da robobinsu. Yana da ƙarfen matse sifirin na gaske, kuma na ga ya kori wani yaron gareji daga saitin bakin sifirin ɗin lokacin da ake matsewa. Wanda ya taɓa ganin sifirin ya kuɓuce ya san dalili. Tsofaffin kayan ya zuba mana a buhu ba tare da mun tambaya ba.

Inda ya gaza kuwa, alkawarinsa na lokaci ba abin dogaro ba ne. "Gobe in sha Allah" ta maimaitu har motar ta kwana fiye da yadda muka shirya, kuma ba ya ɗaga waya in hannunsa na cikin aiki, sai ka taka ka je. Wurin zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar kwano, da rana ta take ba ya zaunuwa. Ba ya ba da takardar shaidar biya. Ciniki kuwa bai rage ko dala ba, kuma kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa. Babban giɓin shi ne ba shi da injin saitin tayoyi, alhali bayan irin wannan aiki dole ne a yi saiti. Ya faɗa mana hakan tun farko, ya tura mu wani wuri, amma ƙarin tafiya ne da ƙarin kuɗi.

Ga wanda ransa ya nace sai motarsa ta sauka, maigidan ya ce akwai sifirin da kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus ke ƙerawa gajeru tun daga masana'anta, kowane da samfurin motar da aka yi shi dominta. In ka kawo su tare da amortisar da ya dace da su, zai ɗaura maka, bayan ya gaya maka lungunan da za ka daina shiga. Ɗan yayata ya tambayi kuɗinsu har da na kawowa, ya ce a mayar masa da na asali.

In za ka je, ka je da sassafe kafin motoci su taru, ka kuma tanadi kuɗin saitin tayoyi daban, a yi shi a ranar da ka karɓi motar.