Ƙaramar na'urar wanke kafet: wanki ya yi, tankin ruwa ne ya ɓata min rai

Wankin da na'urar nan take yi ba shi da laifi. Tabon shayi a kujera, miyar da yara suka kifar, ƙurar hunturu da ta shige cikin gashin kafet, duk tana fitar da su, kuma kalar ruwan da ke dawowa tankin datti ta isa shaida. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tankin ruwa mai tsafta, kuma duk wanda ya saye ta, da shi zai fara cin karo tun kafin ya jona ta da wuta.

Tankin lita 1.4 yake ci, wato ledar ruwa uku ba su gama shiga ba ya cika. Bakinsa a ƙasa yake. Sai ka zare shi daga jikin na'urar, ka kifa shi, ka kwance murfin, ka zuba ruwa, ka rufe, sannan ka sake juyo shi ka zaunar a mazauninsa. A tsakiyar murfin akwai bawul mai ɗan sifirin, shi ne yake buɗewa idan tankin ya zauna daidai, ruwa ya gangara zuwa ƙaramin famfon da ke tura shi cikin tiyo. Wannan tsari babu komai a kansa. Matsalar ita ce kan tankin a gantsare yake, idan ka kifa shi ba ya tsayuwa da kansa, dole hannu ɗaya ya riƙe shi har a gama. Ga baki ƙarami. Ga layukan awo da aka zana da roba mai kalar tankin, sai ka ɗaga shi saitin haske kafin ka ga inda ruwa zai tsaya da inda sabulu zai tsaya. Wanda ya tsara shi ya ɗauka kowa na da dogon famfo a kicin mai kawo ruwan zafi da na sanyi. Gidan da ruwansa ke cikin jarka ko randa ko bokiti, ba a yi lissafi da shi ba.

Idan famfo yana kawo ruwa, shi ne mafi sauƙi, amma a buɗe shi kaɗan. Idan aka sake shi da ƙarfi, iskar da ke cikin tankin ba ta da hanyar fita sai ta bakin da ruwan ke shiga, sai ruwan ya riƙa tartsatsi yana dawowa waje. A karkata tankin, ruwan ya bi gefe. Famfon wanke hannu na banɗaki kuwa gajere ne, tankin ba ya shiga ƙarƙashinsa a tsaye, rabi kawai za ka samu.

Buta ta fi komai dacewa da wannan baki. Hancinta siriri ne, yana shiga daidai, kuma kana iya tsayar da ruwan a kan layi ba tare da ya wuce ba. Sai dai a ware mata buta guda sabuwa, domin tsohuwar buta ba ta rasa yashi a gindinta, kuma yashi shi ne babban abokin gaban na'urar nan. Daga jarka mai lita 25 kai tsaye ba ya yiwuwa, mutum ɗaya ba zai riƙe tanki da hannu ɗaya ya karkato jarka da ɗayan ba. A juye a bokiti, a ɗiba da kofi, a zuba ta mazurari. Idan babu mazurari, a yanke kan robar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kifa, aikin ɗaya ne. Ƙaramar dabara da ke rage wahala: a saka tankin a kife cikin ƙaramin bokiti ko tukunya, a cusa tawul a gefe ya tokare shi, hannu biyu sun samu 'yanci.

Hanya ɗaya ce nake hana kowa: nitsa tankin cikin bokiti ya sha da kansa. Yana cika da sauri, amma yana kwashe duk abin da ke yawo a ruwan, kuma jikinsa yana jiƙewa, ruwan ya ɗiga cikin mazauninsa a jikin na'ura mai aiki da lantarki. Ko ta wace hanya aka cika shi, a goge bayansa da tsumma kafin a mayar.

Ruwan kansa ma abin dubawa ne. Ramin da ke fesa ruwa a bakin buroshi bai fi tsinin allura ba sosai. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa da ba a tace ba yana toshe shi nan da nan, sai feshin ya koma tsiyaya ta gefe ɗaya, ko ya ɗauke gaba ɗaya. A bar ruwan ya kwanta a bokiti, a ɗebi na sama, a ɗora farin ƙyalle a kan mazurari ya tace. Ruwan burtsatse yakan yi garau a ido, amma a wasu unguwanni yana barin farin gari a gindin tukunyar dafa ruwa. Idan naka haka yake, wannan farin garin zai taru a bawul da bakin feshi. Maganinsa a cire bakin a jiƙa shi cikin ruwan khal da aka surka da ruwa rabi da rabi na kamar rabin awa, a wanke, a tsokane ramin a hankali da allura. Kada a faɗaɗa ramin, idan ya faɗaɗa feshin ya lalace ke nan. Ruwan leda yana aiki lafiya, amma kuɗin yana taruwa idan falo guda za a wanke.

Sai zafin ruwa. Na'urar ba ta dafa ruwa, abin da ka zuba shi take fesawa, kuma ruwan ɗumi ya fi narkar da maiƙo nesa ba kusa ba. Takardar da ke cikin kwalin ta ce kada ya wuce digiri 60. Wannan gargaɗi na gaske ne, tafasasshen ruwa yana lanƙwasa robar tankin, yana sassauta zoben robar da ke cikin murfin, daga nan yoyo ya fara. Wanda ba shi da famfon zafi ya haɗa kofi ɗaya na tafasasshe da kofi biyu na ruwan da ba a dafa ba, zai samu wajen digiri 50, ya isa. A haɗa su a bokiti ko jug, ba a cikin tankin ba, domin idan tafasasshen ya fara shiga ya riga ya taɓa robar. Kafet ɗin ulu kuma ɗumi kaɗan yake so, zafi yana sa shi tsukewa, wani ma launinsa ya zuba.

Ruwa ake fara zubawa, sabulu daga baya. Idan aka juya tsarin, kumfa ce za ta cika tankin ta rufe layin awo, ka ɗauka ya cika alhali rabinsa iska ce. Tsakanin layin ruwa da layin sabulu a tawa bai wuce mililita 60 ba, kamar cokalin cin abinci huɗu. Ƙari a kan haka ba ya ƙara tsafta, sai ma ya bar danƙo a gashin kafet, ƙura ta manne, wurin da aka wanke ya riga sauran yin baƙi. Garin sabulun wanki da sabulun wanke kwanuka ba su da wuri a nan. Garin ba ya narkewa duka, yana toshe bawul. Na kwanuka kuma kumfarsa tana cika tankin datti, ta ɗaga 'yar robar nan da ke rufe hanyar iska idan tankin ya cika, sai tsotso ya tsaya cak kana ganin tankin bai kai rabi ba. Idan kumfar ta wuce nan, injin take nufa. Bilic kuwa yana cin zoben roba, yana kuma koɗar da kafet.

Da aka bi duk waɗannan, na'urar tana aiki yadda ake so, har na kusa cewa laifin na rashin sabo ne kawai. Amma akwai abin da sabo ba ya gyarawa. Duk lokacin da tankin ya ƙare tas aka sake cika shi, iska tana shiga famfon ciki. Ka danna maɗannin feshi, inji yana kuka, ruwa ba ya fita. Sai ka sauke bakin tiyon ƙasa da tankin, ka riƙe maɗannin har ruwa ya fara tofowa, wani lokacin kusan minti guda. Idan ya ƙi, a kashe, a ɗaga tankin a sake danna shi da ƙarfi har a ga kumfar iska ta tashi a ciki, alamar bawul ya buɗe. Hanyar kauce wa wannan ita ce kada a bari ya ƙare, a ƙara ruwa tun da saura kamar yatsa biyu a gindi. Ke nan lita 1.4 ɗin ma ba duka ne naka ba. Kujera mai cin mutum uku tana shanye tanki guda, wani lokaci fiye, kuma kowane ciko yana nufin zubar da tankin datti shi ma, domin tare suke tafiya. Wanda ke da niyyar wanke kafet daga bango zuwa bango zai ɓata lokaci a zirga-zirgar ruwa fiye da wankin kansa.

Murfin ma bai ba ni natsuwa ba. Zarensa, wato layukan da ake murɗa shi a kansu, na roba ne mai laushi, idan ya hau a karkace yana ɗaurewa kamar ya zauna, sai an juyo tankin ruwa ya fara bin hannu. A fara juya shi baya har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a ɗaure da hannu kawai, ba da filaya ba. A juyo tankin a saman bokiti a duba kafin a kai shi kan kafet. Ɗigo biyu ko uku daga bawul lokacin zaunarwa ba komai ba ne. Idan ya ci gaba, zoben ya goce ko yashi ya maƙale a bawul, a danna shi da yatsa a ƙarƙashin ruwa ya wanke. Abin haushin shi ne murfin nan ba a samunsa a kasuwa cikin sauƙi, kuma idan ya fashe ko ya ɓata na'urar gaba ɗaya ta zama kayan ajiya. Ya kamata a ce an saka na biyu a kwali, kuɗin da ake karɓa ya kai.

Masu sayen ta hannu su duba bayanta kafin su biya. Wadda aka yi don kasuwar Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, idan aka jona ta babu taransifomar rage wuta injin ƙonewa zai yi nan take. Su kuma nemi a zuba ruwa a tankin a gabansu, a kifa, a gani ko yana riƙewa.

Bayan an gama aiki kada a bar ruwan sabulu ya kwana a ciki, yana yin kauri a bawul, a lokacin zafi kuma yana wari. A zubar, a zuba ruwa zalla kamar rabin lita, a fesa shi cikin bokiti ya wanke tiyo, a bar murfin a buɗe tankin ya bushe.

Ga mai kujerun falo, kujerun mota, darduma da ƙananan tabo, zan ce ya saya, ya haɗa da buta da mazurari tun ranar farko. Ga mai son wanke babban falo ko kafet ɗin masallaci, wannan ba ita ba ce, ya nemi mai babban tanki. Tauraro uku na ba ta cikin biyar, kuma biyun da na cire na tankin ne da murfinsa.