Shagon 'yan Dominika na unguwarmu a Bronx, inda nake sayen kayan dulce frío

Salam 'yan uwa. Masu tambayata inda nake samun kayan haɗin dulce frío, toh wani ƙaramin shago ne na 'yan Jamhuriyar Dominika a nan Bronx ta birnin New York, ɓangaren titin Grand Concourse. Ba irin manyan kantunan nan masu amalanke da wajen faka mota bane, shago ne matsattse wanda in mutum biyu suka haɗu tsakanin kantoci dole ɗaya ya karkace ɗaya ya wuce. Sunansa kam bazan faɗa ba, akwai ƙorafin da zan yi a kansu kuma maƙwabta ne kullum muna gaisawa, amma duk wanda ke zaune a Bronx ko Washington Heights ya san irinsu sun cika gari, kuma kusan kaya ɗaya suke ajiyewa.

Ga wanda bai san abun ba, dulce frío kayan zaƙi ne na mutanen Dominika, ƙasar nan da ta raba tsibiri ɗaya da Haiti, babban birninta Santo Domingo. Hawa hawa ake jera shi a kwanon gilashi, biskit a ƙasa, kastad na madara da ƙwai a sama, a sake biskit a sake kastad, a rufe da 'ya'yan itace na gwangwani, a tura firij ya kwana. Ba a kunna oben ko kaɗan. Sun fi yinsa lokacin Kirsimeti, musamman daren 24 ga Disamba da suke babban cin abincinsu na iyali, sai kuma bikin zagayowar haihuwa da irin su. Ni dai ranar sallah da walima nake yi, kuma kwano baya dawowa da komai a ciki.

Abun da yasa nake zuwa shagon nan maimakon babban kanti shine komai na haɗin yana kusa da juna, kaman dama don shi aka jera. Madarar ruwa ta Carnation mai oz 12, madara mai kauri mai suga ta La Lechera mai oz 14, Maizena wato konfulawa a kwalinta mai ruwan ɗorawa, gwangwanin 'ya'yan itace na Del Monte da na Goya, kirfa sanda sanda a ƙaramar leda, duk hannu ɗaya zai kai. A babban kanti sai kin zaga wajen kayan kek, ki zaga wajen biskit, ki koma can ƙurya inda suke ajiye kayan 'yan Latin, ƙafa ta gaji. Kuma kuɗin madarar anan da sauƙi gaskiya, don su abu ne da suke amfani da shi kullum, a shayi a kofi a kayan zaƙi, baya daɗewa a kanta.

Yanzu maganar biskit, wadda itace ainihin abun da yasa na zauna rubutun nan. Iri biyu suke sayarwa da ake dulce frío da su. Akwai dogayen nan masu kama da yatsa, masu barbaɗin suga a baya, waɗanda ake kayan zaƙin Italiya mai suna tiramisu da su, a jikin ledar za ki ga an rubuta ladyfingers ko savoiardi. Akwai kuma biskit Maria, zagayayye siriri, wanda mu ma mun taso da irinsa. Dattijuwar da ke zama a kanta, wadda kowa a layin ke kira Doña, ta tsaya kai da fata akan dogayen ne na asali, Maria na ranar da aljihu ya yi sanyi ne. Na gwada duka biyun kuma wlh da gaskiyarta ta wani fannin amma ban bi ta gaba ɗaya ba. Dogayen busassu ne kuma cikinsu duk iska ce, saboda da ƙwai da aka buga ya kumfa ake yinsu, shiyasa in suka sha ruwa suka kwana ƙarƙashin kastad sai su kumbura su koma kek sak, ki yanka da wuƙa ya tsaya da kansa, wanda bai sani ba zai rantse gasawa kika yi. Maria kuwa baya kumbura, laushi kawai yake yi, sai hawan ya fito siriri siriri, dole ki yi hawa huɗu ko biyar kafin kwano ya cika, amma kuma shi baya da zaƙi sosai, kuma wannan babban abu ne a haɗin da dama La Lechera ta riga ta cika shi da suga. Ni a bakina na Maria yafi daɗin ci, na dogayen yafi kyan gani a faranti. In baƙi ne zan yi wa, dogayen nake ɗauka, in na gida ne ni da yara, Maria na Goya fakiti biyu ya wadatar. Wani abun mamaki ma shi Maria ɗin asalinsa ba na Sifaniya bane ba na Dominika ba, a Landan aka fara yinsa a 1874 don bikin auren wata gimbiyar Rasha mai suna Maria da ɗan Sarauniya Victoria, sai gashi yau duk gidan ɗan Latin ka shiga yana nan.

Matsalar shagon game da dogayen itace yadda suke ajiye su, a kantar ƙasa suke cusa su kusa da buhunan shinkafa, abu mai saurin karyewa, sau da yawa in kika ɗaga leda kika girgiza sai ki ji gari na motsi a ciki. Ki duba da kyau kafin ki biya, ki zaɓo na can baya. Kuma ba kullum ake samu ba, daga tsakiyar Disamba in kika makara toh sai dai Maria.

Sai abun da ya shafe mu musulmi, dan Allah a nutsu anan. Da yawa daga cikin 'yan Dominika suna zuba giyar ram a ruwan da ake tsoma biskit ɗin, irin su Brugal da Barceló da ake yi a ƙasarsu, wannan yasa ni bana sayen wanda aka riga aka haɗa ake sayarwa a ƙananan robobi cikin firij ɗin shagon, babu takardar da ke nuna abun da ke ciki, kuma yaron da na tambaya yace shi ma kawowa ake yi. Haɗa naki a gida shine kwanciyar hankali. Na biyu banila. A dokar Amurka duk kwalbar da aka rubuta pure vanilla extract a jiki dole ta ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na alkohol, da yawanmu bamu lura. Shagon suna da banilar Dominika, baƙa da fara, manyan kwalabe masu arha, galibi ta haɗi ce ba ta asalin itacen ba, wasu da alkohol wasu babu, sai kin juya kwalbar kin karanta. Farar ita nake ɗauka don bata ɓata launin kastad. Na uku jelatin, don wasu suna narka shi a ruwan gwangwanin su zuba a saman 'ya'yan itacen ya yi sheƙi ya daskare, kuma yawancin jelatin na kantunan nan daga alade ake samo shi sai in an rubuta halal ko na kifi. Ba kya buƙatarsa ma sam, ki ɗauki ruwan gwangwanin rabin kofi ki dama ƙaramin cokali biyu na Maizena ki ɗora a wuta har ya yi haske, in ya huce ki shafa a sama, sheƙin ɗaya ne.

Anan zan yaba wa Doña, tunda ta gane bama shan giya bama cin alade bata taɓa nuna gajiya ba, ita ma take ɗauko kwalba ta sa tabarau ta karanta min abun da aka rubuta da Sifaniyanci. Turancinta kaɗan ne, Sifaniyancina kuma bai wuce gaisuwa ba, amma ana fahimtar juna, kowa mami ce a wajenta. Ita ta nuna min a sa ɓawon lemun tsami da sandar kirfa a madarar tun tana ɗumi, a cire kafin a zuba, kuma wallahi wannan ne ke kashe ƙarnin ƙwai.

Yadda nake yi a kwanon gilashi matsakaici: Carnation gwangwani 2, La Lechera 1, gwaiduwar ƙwai 4, Maizena babban cokali 5 zuwa 6, ɗan gishiri, banila, kirfa da ɓawon lemun. Ki fara dama Maizena da madara mai sanyi har gudajin ya mutu, ki haɗa da gwaiduwar da sauran madarar ki tace da rariya, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa da maburgi ba tsayawa, don madara mai suga saurin kamu gareta, ki juya baya minti ɗaya ƙasan tukunya ya ƙone kuma ƙaurin ya bi duka. Inda mutane ke faɗuwa shine saukewa da wuri. Da sun ga ya fara kauri sai su ji tsoron ƙwan zai dunƙule su sauke, washegari su buɗe firij su tarar da ruwa tsululu. Dalili shine gwaiduwa tana da wani sinadari da ke narkar da sitaci, kuma zafi ne kawai ke kashe shi, dole ki bari ya tafasa yana ɓul ɓul kaman minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa, sitacin da ke ciki shi zai hana ƙwan lalacewa. Kaurin da ake so kaman na kunun gyaɗa mai kauri wanda in kin ɗaga ludayi yake sauka a hankali, zai ƙara kamewa a firij.

Ki tsiyaye ruwan gwangwanin 'ya'yan itacen a faranti, shi za ki tsoma biskit a ciki, tsomawa ɗaya ki cire, kar ki bari ya jiƙe sharkaf. Wasu madara suke amfani da ita, ni ruwan gwangwanin nake surkawa da ɗan ruwan lemu don rage zaƙi. Ki jera, ki zuba kastad tun da sauran ɗuminsa don ya ratsa, ki sake jerawa. 'Ya'yan itacen ki bar su a rariya su tsane sosai kafin su hau sama. A gwangwanin mai oz 15 za ki samu peach da pear da inabi da abarba da 'yan ceri ja guda biyu ko uku da yara ke faɗa a kai. Kar ki ce za ki burge da ɗanyar abarba ko gwanda ko kiwi, suna sa madara ta yi ɗaci in suka kwana tare, na gwangwani an riga an dafa shi shiyasa baya yin haka. Mangwaro da strawberry basu da matsala amma ki sa su dab da za a ci. Awa 6 ne mafi ƙaranci a firij, kwana ɗaya yafi. Masu karatu daga gida, Peak ko Ideal ta gwangwani tana maye gurbin Carnation ba wani bambanci, konfulawa kuma itace Maizena, sai dai ki tabbata akwai wuta ko janareto da zai riƙe firij ɗin, don abu ne na ƙwai da madara, baya son zafi ko kaɗan.

Toh ƙorafina. Na farko rabin kayan babu farashi a jiki, sai kin kai kanta za ki ji, kuma wani lokacin abun da yaron safe ya faɗa daban da na yaron yamma, ki riƙa karɓar rasit. Na biyu gwangwanaye masu lotsewa suna barinsu a gaba, ni duk wanda ya lotse a baki ko ya kumbura bana ɗauka ko kyauta ne, kuma ki duba kwanan wata musamman a La Lechera ta can ƙasa. Na uku wajen dafaffen abincinsu yana dab da firij ɗin madara da ƙwai, kuma gasasshen alade da salami kullum suna nan, warin yana cika shagon da rana, ga giyar Presidente jere a firij na gefe. Ba laifinsu bane abincinsu ne, amma in kina da saurin tashin zuciya ki je da sassafe kafin su fara. Kiɗan bachata kuma baya mutuwa, da ƙarfi, har sai kin ɗaga murya wajen tambaya. Akwai mage ma tana kwana kan kwalayen lemu, ni bata dame ni ba amma na san wasu basa so.

Ƙwai kam bana saya a wajensu, yafi tsada akan babban kanti kuma ƙanana ne. Suna karɓar kati amma sai sayayya ta kai wani adadi, ki riƙe 'yan daloli a jaka. In maki zan bayar, huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda farashin da basa rubutawa da biskit ɗin da suke karyawa. In a Disamba za ki je, ki je tun satin farko ki kwashi dogayen biskit ɗin ki ajiye, busassu ne suna daɗewa matuƙar ba a buɗe ledar ba.