Jan ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa: wanne ya fi a asibiti?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne mariƙin ƙofa da ƙarfen gefen gado na jan ƙarfe sun fi na ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa wajen hana yaɗuwar cuta. Da gaske ne, amma da sharaɗi.

Ƙarfen da ba ya tsatsa ido yake burgewa. Yana da sauƙin gogewa, yana jure sabulu da magungunan wanki, ya kuma fi araha. Sai dai ba ya kashe komai. Ƙwayar cutar da ta sauka a kansa tana iya daɗewa da rai idan ba a zo an goge ba.

Jan ƙarfe kuwa da kansa yake kisa. Da zarar ƙwayar cuta ta taɓa shi, sinadarin da ke fita daga jikinsa yana huda fatarta, ya shiga ya lalata ƙwayoyin halittarta, ta kasa hayayyafa. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa jan ƙarfe da gaurayensa rajista a kan cewa suna kashe kashi 99.9 cikin 100 na wasu bakteriya, har da MRSA mai bijire wa magani, cikin awa 2. A 2020 masu bincike a Amurka suka gwada ƙwayar korona: bayan awa 4 ba a same ta da rai a kan jan ƙarfe ba, amma a kan ƙarfen da ba ya tsatsa da roba ta kai kwana 2 zuwa 3. Wannan tazarar ce ta fi damuna, domin babu asibitin da ake goge mariƙin ƙofa bayan kowane hannu.

Tagulla, wato jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya ko kuza, ita ma tana aiki muddin jan ƙarfen da ke cikinta ya kai kashi 60. Ta fi zallansa ƙwari, amma gwargwadon raguwar jan ƙarfen, gwargwadon jinkirin kisan.

Jan ƙarfe yana dishewa ya yi duhu, wannan bai hana shi aiki. Abin da ke hana shi aiki shi ne a shafa masa fenti ko man ƙyalli, domin an raba shi da ƙwayar cutar ke nan. Datti da maiƙo ma suna rage masa ƙarfi, don haka wanki bai faɗi ba.

Ni dai zan sa tagulla a wuraren da hannu ya fi yawan taɓawa, in bar ƙarfen da ba ya tsatsa a tebura da kwanon wanki. Cutar da ke bin iska kamar tarin fuka da ƙyanda kuwa, babu ƙarfen da zai tare ta. Nan sai rigakafi, da magani, da ɗaki mai shigar iska.